Darasi: Ranar Da Injin Akori-kura Ya Buga

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Maska zuwa Funtua da kaka ya san motar da ake magana a kanta. Akori-kura ce, bayanta shaƙe da buhunan masara ko waken suya, an ɗaure da igiya, yaron mota na zaune a can sama ya rufe hanci da rawani saboda ƙura. Ita ke shiga gonakin da babbar mota ba ta iya shiga. Ita ke kai amfanin gona kasuwannin Funtua da Dandume da Bakori, ta dawo da taki da siminti da kwanon rufi. Idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare a wani ƙauye, sau da yawa ita ake bugawa ƙofa.

Maska tsohon gari ne a kudancin Funtua, wanda tun zamanin da aka san shi da auduga da saƙa da rini. Kayan da jakuna da raƙuma suka yi ta ɗauka a da, yau mota ke ɗaukarsu. Funtua kuwa mahaɗar hanyoyi ce: ga ta Zariya, ga ta Gusau da Sakkwato, ga ta Malumfashi mai wucewa Katsina. Saboda haka a wannan yanki mai akori-kura ba ya rasa lodi, matuƙar motar na tashi.

Wannan darasi yana magana ne a kan ranar da ta ƙi tashi, bakanike ya duba ya ce inji ya buga. Abin da ake son ɗalibi ya fita da shi shi ne iya lissafin abin da canjin inji zai ci tun daga farko har ƙarshe, domin kuɗin da mai sayar da inji ya faɗa a kasuwa wani yanki ne kawai na abin da zai fita daga aljihu.

Yadda inji ke kai wa ga bugawa

Inji ba ya mutuwa rana ɗaya. A cikinsa akwai fistin-fistin da ke hawa da sauka sau dubbai a minti guda, suna juya wani ƙarfe mai gwiwoyi da makanikai ke kira karanshaf. Abin da ke hana waɗannan ƙarafa cin juna shi ne baƙin mai. Abin da ke hana su ƙonewa kuma shi ne ruwan da ke zagayawa ta lagireto. Idan ɗayan biyun nan ya gaza, sauran zance ne.

A gareji, kafin bakanike ya taɓa sifana, yakan zaro sandar awon baƙin mai, ya goge ta da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Sai ya ɗiga man a kan ɗan yatsa ya murza. Idan ya ji tsaki-tsaki kamar yashi, ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki. Idan man ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai, wato gaskit ya ƙone ko kan inji ya tsage. Daga nan sai ya ce a tayar, ya koma bayan mota ya dubi hayaƙi. Mai shuɗi-shuɗi yana nuna inji na shan baƙin mai, ringi sun cinye. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa ko da inji ya ɗau zafi yana nuna ruwa na shiga inda wuta take. Idan kuwa aka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasan inji, ƙarar na ƙaruwa in an taka totur, to a kashe nan take. Kowane minti da aka ƙara, kuɗi ne ake ƙonawa.

Abubuwan da ke jawo haka a ƙasar Maska ba ɓoyayyu ba ne. Na farko lodi. Yawancin ƙananan akori-kura an ƙera su ne don ɗaukar abin da bai wuce tan 1 ba ko kusa da haka, wato buhu 10 na masara mai kilo 100. Kowa ya san abin da ake ɗora musu ya ninka haka. Sai ƙurar hunturu da ta hanyoyin gona, wadda ke toshe matatar iska. Wani direban, in mota ta rage ƙarfi, sai ya cire matatar gaba ɗaya, ƙura ta riƙa shiga kai tsaye tana goge cikin inji kamar sanfefa. Sai ruwan rafi mai laka da ake ɗurawa a lagireto, ya daskare ya toshe hanyoyin ruwa. Sai kuma jinkirin juye. A hanya mai ƙura irin wannan, bai kamata baƙin mai ya wuce kilomita 5,000 ba a juye shi ba, amma in aiki ya yi yawa sai a ce bari a gama wannan makon. Ga kuma jabun baƙin mai da ake sayarwa a galan marar hatimi, wanda arahar da aka samu a kansa ba ta kai kuɗin ringi ɗaya ba.

Hanyoyin da ke gaban mai mota

Idan abin ya faru, bakanike kan ce: "Alhaji, sai dai a sauke shi a buɗe, sannan a san abin yi." Gaskiya ya faɗa. Kafin a buɗe, duk kuɗin da wani ya yanka ƙiyasi ne.

In an buɗe aka tarar gangar injin lafiya lau, ba tsagewa, ana iya gyaransa. A sa sababbin ringi da mital da gaskit, a kai karanshaf wurin masu injin gyaran ƙarfe su daidaita shi. Wannan ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi, kuma a hannun gwani tana yin kyau ƙwarai. Amma tana da sharaɗi biyu: kayan da aka saya su zama na gaske, kuma bakaniken ya zama mai awo, ba mai aiki da ido ba. Injin da aka haɗa a kan turɓaya, iska na kaɗa yashi cikinsa, da wuya ya ga kaka biyu.

Hanya ta biyu ita ce sayen rabin inji, wato ƙasan kawai, a ɗora masa kan tsohon idan shi bai lalace ba. Ta uku ita ce sayen cikakken inji na hannu wanda aka ciro daga wata mota a ƙasar waje, irin wanda ake kira ɗan Beljiyam ko ɗan Kwatano, Yarabawa kuma su ce tokumbo. Sunayen sun samo asali ne daga hanyar da kayan ke biyowa, daga tashoshin jiragen ruwa na Turai zuwa Kwatano ko Legas, ko da yake da yawa daga cikin injinan yanzu daga Japan da Dubai ake kawo su. Sabon inji fil daga kamfani yana nan, sai dai kuɗinsa kan kai ko ya wuce darajar tsohuwar motar baki ɗaya, shi ya sa ba a cika jin manomi ya doshi wannan hanya ba. Akwai kuma wanda zai ga cewa jikin motar ma ya gaji, giya na kuka, ƙasa ta ruɓe, sai ya sayar da ita a yadda take. Wannan ma shawara ce, kuma wani lokaci ita ce daidai.

Irin motar na da tasiri sosai a kan kuɗi. Tsohuwar Fijo 404 da 504, waɗanda kamfanin Peugeot ya riƙa haɗawa a Kaduna, inda ya fara aiki a 1975, su ne suka raini sana'ar akori-kura a Arewa. Injinsu ba shi da wuyar sha'ani, kusan kowane bakanike a Funtua da Malumfashi a kansa ya koyi aiki. Matsalarsu yanzu ita ce samun inji mai sauran ƙarfi, tunda an daɗe da daina ƙera su. Toyota Hilux kuwa tana da injuna iri-iri. Akwai 22R, tsohon mai fetur da kafireto. Akwai 2TR mai lita 2.7, shi ma na fetur. A masu shan gas akwai 5L mai lita 3, da 2KD mai lita 2.5 wanda kwamfuta ke sarrafa shigar mansa. Dole mai mota ya san lambar irin injinsa kamar yadda ya san sunan ɗansa, domin in aka sayo wani iri dabam, sai an canza wayoyi da kafafun inji, wani lokaci har da giya da kwamfutar, kuma duk wannan ƙarin kuɗi ne da ba a shirya masa ba.

Abin da ya sa kuɗin ya yi tsalle

Ba a ƙera waɗannan injuna a Najeriya. Da dala ake sayo su, a biya kuɗin jirgin ruwa, a biya kwastan, a ɗauko daga Legas zuwa Arewa. Saboda haka duk abin da ya taɓa naira ya taɓa inji. A ranar 29 ga Mayu 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da cire tallafin man fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da ₦200 zuwa kusan ₦500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni na wannan shekara Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yanka mata daraja. Dalar da ake saye kusan ₦750 a kasuwar bayan fage kafin nan, ta haura ₦1,500 a farkon 2024. Ɗan kasuwar da ke Legas ya ƙara, mai ɗauko kaya ya ƙara saboda mai, na Kaduna da Kano ma suka ƙara. Mai akori-kura a Maska shi ne na ƙarshe a layi, kuma shi ba shi da wanda zai ɗora wa sai manomin da ke biyan kuɗin buhu.

Wannan ne dalilin da ya sa farashin da maƙwabci ya sayi nasa bara ba ya zama ma'auni a bana. A tambayi aƙalla shaguna uku a mako ɗaya.

A kasuwa

Daga Funtua, masu neman inji kan nufi Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano. Wasu kan aika Ladipo a Legas, inda kayan ke fara sauka, amma sayen inji ta waya, ba a gani ba a ji ba, kasada ce babba.

Kada mai mota ya tafi shi kaɗai. Ya ɗauki bakanikensa, ya biya masa mota da abinci da ladan ranar. A can za a ga injuna jere a ƙasa a kan tsofaffin tayoyi, wasu an wanke su da fetur har suna ƙyalli. Ƙyallin ba ya nuna komai. Bakanike mai hankali zai duba kan kusoshi ko sifana ta taɓa cinsu, ya duba gefen gaskit ko akwai sabon gam, domin akwai injin da aka gama ci a nan gida, aka gyara, aka fesa masa fenti aka ce yanzu ya sauka daga jirgi. Zai buɗe murfin baƙin mai ya haska ciki da tocila ya ga ko akwai daskararren baƙin datti. Zai zare fulogi ya dubi bakinsu. Inda hali ya yi, sai a kawo batir da ɗan galan na mai a tayar da injin nan a ƙasa, yana rawa a kan taya, kowa ya kasa kunne.

Sai maganar takarda, wadda mutane da yawa ke yi wa riƙon sakainar kashi. A karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata da lambar injin, a kuma duba da ido cewa lambar da ke kan takarda ita ce a jikin ƙarfe. A rubuta kwanakin gwaji da aka yi alkawari, da abin da zai faru in inji ya ƙi: canji ne ko mayar da kuɗi, kuma wa zai biya kuɗin dawo da shi. "Haba Alhaji, ai mu da kai ba ta ɓaci" magana ce mai daɗi, amma ba ta tsayawa a gaban shugabannin kasuwa in rigima ta tashi. Ban da haka, takardun mota na ɗauke da lambar tsohon inji. Bayan canji sai a je ofishin lasin a gyara, domin wanda aka kama da injin da ba shi da asali, ko da da kuɗinsa ya saya, yana iya shiga tuhumar karɓar kayan sata.

Lissafi

Alƙaluman da ke tafe na koyon lissafi ne. Ɗalibi zai musanya su da na kasuwar ranar da yake buƙata.

A ɗauka wani mai Hilux a Maska ya sami cikakken inji a Kaduna a kan ₦2,000,000. Ya dawo gida yana cewa miliyan biyu ya kashe. Bari a bi sawun kuɗin. Zuwa da dawowa shi da bakanike, da kuɗin ɗauko injin zuwa Funtua, ₦120,000. Ladan sauke tsoho da ɗora sabo, har da na mai wayarin, ₦150,000. Baƙin mai da filta da fulogi da fanbel da robobin ruwa da kafafun inji, ₦130,000. Da aka raba inji da giya sai aka ga faifan kuloci ya cinye. Barinsa yana nufin a sake sauke giya bayan wata biyu a sake biyan lada, don haka aka canza, ₦110,000. Lagireto shi ne ya kashe injin farko, mayar da shi a kan sabo ganganci ne, don haka shi ma aka canza, ₦90,000. Gyaran takardu da zirga-zirga, ₦30,000. Jimla ta zama ₦2,630,000. Ya sayar da tsohon injin ga 'yan gwangwan a kan ₦150,000, saura ₦2,480,000. Wannan shi ne abin da ya fita daga hannunsa.

Akwai kuma kuɗin da bai fita daga hannu ba, amma bai shigo ba. Motar ta yi kwana 14 a gareji. Idan a ranar aiki takan bar masa ₦30,000 bayan an cire mai da direba da yaron mota da kuɗin tasha, to ya rasa ₦420,000. Haɗe da na baya, ₦2,900,000 ke nan.

Manomi ya fi gane kuɗi in an mayar masa da shi buhu. In buhun masara na ₦50,000, injin shi kaɗai buhu 40 ne. Amma aikin gaba ɗaya ya ci buhu 58. Wanda ya sayar da buhu 40 ya tafi Kaduna da murna, zai dawo ya tarar da inji a ƙasa, mota a kan duwatsu, ba kuɗin ɗorawa.

A nan ne abin ya fi ciwo, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Inji ya fi bugawa da kaka, domin lokacin ne ake matsa masa, safe da yamma, lodi a kan lodi. Lokacin ne kuma kwana ɗaya a gareji ya fi tsada, tunda aiki ya yi yawa. Kuma lokacin ne hatsi ya fi araha, kowa ya kawo kasuwa. Wato mutum zai sayar da masararsa a farashi mafi ƙasa na shekara, don ya gyara motar da ta tsaya a lokacin da ta fi kawo kuɗi. Buhun da zai iya ajiyewa zuwa bazara ko farkon damina ya sami ƙari, ga shi ya tafi a kan tilas. Wasu ma sukan karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa da alkawarin biya da hatsi, a farashin da mai kuɗin ya yanka. Da a ce an kai motar gareji a watan Agusta, kafin a fara cire masara, an auna ƙarfin inji, an wanke lagireto, an canza ringi in sun nema, da yawancin wannan asara ba ta taso ba.

To, gyara ya fi ko canji? Ga hanyar aunawa: a raba kuɗin da yawan watannin da ake sa ran aikin zai yi. In injin Beljiyam na ₦2,480,000 ya yi shekara 4, wato wata 48, kowane wata ya ci kusan ₦52,000. In gyaran tsohon ya ci ₦900,000 ya kuma yi wata 18, kowane wata ₦50,000 ke nan. Kusan ɗaya suke, don haka wanda ba shi da kuɗi da yawa a hannu bai yi laifi ba in ya zaɓi gyara. Amma in aka yi gyaran da jabun kaya ya mutu a wata 6, kowane wata ya ci ₦150,000, ga kuma wani sabon zaman gareji. Abin da ke raba su shi ne ingancin kaya da hannun da ya yi aikin.

Wannan ₦52,000 tana da wani amfani. Ita ce abin da ya kamata mai mota ya riƙa warewa duk wata tun daga ranar da aka ɗora inji, ko a banki, ko a adashe da abokan sana'a a tasha, ko ya sayi buhu ya ajiye a rumbu da sunan mota. Mafi yawan masu akori-kura suna lissafin mai da taya da direba, sauran su kira shi riba. Alhali wani kaso na wannan saura kuɗin injin da ke cinyewa ne a hankali, kowane sawu.

Bayan an ɗora inji, makonnin farko na lallaɓawa ne, musamman in gyara aka yi. Ba gudu, ba cika lodi, ido na kan allurar zafi, kuma a yi juyen farko da wuri. Kowace safiya, kafin a tayar, a duba ruwa da baƙin mai. Aikin minti uku ne. A tanadi ƙaramin littafi a cikin mota, a riƙa rubuta ranar juye da kilomita da abin da aka kashe. Yaron da ke makarantar boko a gida ma zai iya taya rubutawa.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu gida uku. Rukunin farko su sami bakanike a Maska ko Funtua su tambaye shi irin injin da ya fi yawan saukewa a bana, da ladan da yake karɓa, da ƙananan kayan da ba a rasa canzawa in an ɗora wani. Rukuni na biyu su tambayi direban akori-kura abin da motarsa ke bari a rana da kaka, da abin da take bari da damina. Rukuni na uku su kawo farashin buhun masara da na waken suya na kasuwar wannan mako.

A zama na gaba za a rubuta alƙaluman a allo, a sake lissafin da ke sama da su. Kowane ɗalibi zai fitar da amsa uku a littafinsa: jimlar kuɗin canjin inji, yawan buhunan da suka yi daidai da ita, da bambancin da za a samu in motar ta yi kwana 14 a gareji a watan Agusta maimakon watan Nuwamba.